Gyara Kayanki: Danshi Ya Kama Bangon Dutse, Ta Ina Za Mu Fara?

   

Ruwa ya ɗauke. Yanzu ne kowace mace ke jan gado, ta ɗaga tabarma, ta ga abin da damina ta bar mata a ɗaki. Wata ta tarar yaɓe ya kumbura yana zuba kamar gari. Wata ta ga farin abu kamar kanwa ya fito a gindin bango. Wata kuma ba ta ga komai ba, amma da ta buɗe akwati sai warin fumfuna ya tarbe ta, zannuwan da take ɓoyo don biki duk sun yi baƙin tabo. A filinmu na wannan karo, kan bangon dutse za mu tsaya, irin wanda ya yi yawa a ƙasar Adar, wajen Tawa, Keita, Buza da Madawa, da wanda ake samu a wasu gidajen Damagaram da Yamai, musamman a gindin gini. Masu ɗakin ƙasa zalla ko na bulo, kada ku wuce, rabin maganar taku ce.

Abin da danshi ke ci mana

Da yawa daga cikinmu ɗakin kwana shi ne kuma shagonmu. A nan buhun wake yake, a nan gujiyar da za a yi mai da ƙuliƙuli take, a nan garin sana'a yake. Buhun da ya jingina da bango mai danshi wata biyu, ƙasansa ya tafi. Gujiyar da ta yi fumfuna ba ta sayuwa, kuma ba ta ciyuwa, don fumfunar gujiya da ta masara guba ce ga hanta, ko an wanke ko an soya. Idan da bashin asusu aka sayo kayan, to ga asarar jari, ga ranar biya tana matsowa. Akwatin ƙungiya ma, da makullansa 3 da littafinsa, a ɗakin ɗayarmu yake kwana. Ƙarfe na tsatsa, takarda na ruɓewa.

Sai lafiya. Ɗaki mai danshi da fumfuna yana tayar da tari da ciwon fuka, ya fi kama yara ƙanana da tsofaffi. Gara kuma inda laima take can take bi, daga bango ta hau azara.

Babbar magana ita ce ginin kansa. Ba mu manta da daminar 2024 ba, yadda gidaje suka dinga faɗuwa a Maraɗi da sauran jihohi, har tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a farkon watan Satumba. Wani ginin ambaliya ce ke ɗauke shi dare ɗaya, wannan sai addu'a. Amma da yawa ruwa ya daɗe yana cin gindinsu a ɓoye, shekara da shekaru, ruwan ƙarshe turawa kawai ya yi. Wannan ɓoyayyen cin shi ne muke iya tarewa da hannunmu.

Dutse yana shan ruwa?

Za ku ji ana cewa ai ɗakin dutse ba ruwansa da damina. Ba haka ba ne. Dutse iri-iri ne. Irin manyan duwatsun da ke kewaye da Birnin Damagaram masu tauri ne, kusan ba sa shan ruwa. Marmara da farin dutse mai laushi kuwa suna sha sosai. Mai son ta gane nata, ta ɗiga ruwa a kan dutsen da ya bushe: in ya tsaya ko ya gangare, dutsen mai tauri ne, in ya shige nan da nan ya bar duhu, mai sha ne.

Ko dutsen bai sha ba, abin da ke tsakaninsa yana sha. Yawancin bangayenmu na dutse da laka aka ɗaure su. Lakar nan tamkar lagwanin fitila take: gindinta na cikin ƙasa mai laima, tana jan ruwa sama a hankali. Ruwan yana tafe da gishirin ƙasa. In ya iso fuskar bango sai ya bushe, gishirin ya tsaya. Shi ne farin abin da muke gani, kuma shi ne ke fasa yaɓe, don yana ƙara girma a cikin ƴan ramukan yaɓen har ya tura shi waje. Ga kuma wani halinsa: gishiri na jawo laimar iska. Shi ya sa bangon da gishiri ya kama yake yin sanyi da danshi a watan Agusta ko da ruwa bai taɓa shi ba.

Ƙofofi huɗu da ruwa ke shigowa

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin a sayi ko tiya ɗaya ta wani abu, sai an san daga ina yake zuwa, don kowace ƙofa da maganinta.

Ta farko, daga ƙasa. Alamarta danshin yana farawa daga daɓe, ya tsaya a wani layi mai lanƙwasa, yawanci bai cika wuce metir 1 ba, ga farin gishiri a bakin layin. Sama da layin bango a bushe yake.

Ta biyu, daga waje ko daga sama. Tabon yana tsakiyar bango, ko kusa da rufi, ko ƙarƙashin taga, kuma yana ƙara duhu kwana ɗaya ko biyu bayan an yi ruwa. Mu fita mu duba bayan wurin daidai. Sau da yawa za a ga indararo ya karye ko ya gajarta yana zuba a jikin bango, ko tol bai fito sosai ba, ko laka ta zube daga tsakanin duwatsu ta bar rami. Bangon gabas ya fi shan wannan wahala, don daga can hadari ke taso mana.

Ta uku, ruwanmu na gida. Randa a jingine da bango tana tsatsafowa dare da rana. Wurin wanka ko wurin wanke-wanke yana bayan ɗakin. Wuriya ta toshe, ruwa na kwanciya. Bututun famfo na yoyo a ƙasa. Ko kuwa maƙwabta ne ke zubar da ruwansu a gindin katangar da muka haɗa. Alamar wannan ita ce danshin ba ya tafiya ko da rani.

Ta huɗu, iskar ɗakin ce da kanta. Ɗaki a rufe, taga a toshe saboda sauro ko ɓarayi, mutum biyar ko shida na kwana, ga wanki an shanya a ciki, wani lokaci har da girki. Tururin nan yana sauka a kan dutse mai sanyi kamar raɓa. Alamarsa baƙar fumfuna a kusurwa da bayan kaya.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai raba mana gardama. A yanko leda mai haske, kamar santimetir 40 kowane gefe, a manna ta a wurin da ake zargi, a liƙe gefunanta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. A bar ta kwana 2 ko 3. In ɗigon ruwa ya taru a cikin ledar, ta wajen bango, to ruwan daga cikin bangon yake fitowa. In a bayanta ya taru, ta wajen ɗaki, to iskar ɗakin ce, kuma maganin bai wuce buɗe taga, fitar da shanya, da matsar da kaya daga jikin bango ba. Wannan ba ya cin ko dala.

A fara daga waje

Ga inda ake yawan ɓarnar kuɗi: a ga ciwo a cikin ɗaki, a yi ta shafa masa magani a cikin ɗaki, alhali tushensa na waje. Duk yaɓen da aka yi a ciki ba tare da an tare ruwan ba, damina ɗaya zai yi.

Mu zagaya bayan ɗakin mu duba tsayin ƙasa. Shekara da shekaru shara, toka, takin dabbobi da yashin da iska ke kawowa suna taruwa a gindin bango, har ƙasar waje ta fi daɓen ciki tsawo. In haka ne, ɗakin ya zama kamar rijiya. A kwashe wannan tarin har ƙasar waje ta koma ƙasa da daɓen ciki da kamar santimetir 15, wato kusan taƙi ɗaya bai cika ba. Amma a kula: abin da ya taru kawai za a kwashe. Kada a tona har a tone tushen ginin.

Daga nan a gyara ƙasar ta gangara daga bango zuwa waje, faɗin metir 1, a daddaɓe ta sosai. Mai hali ta shimfiɗa faffaɗan duwatsu ko tsakuwa a kai, don ruwan da ke faɗowa daga rufi ya daina fantsama yana cin gindin bango. Indararo a ƙara masa tsawo, a ajiye babban dutse a inda yake zuba, a ja ƴar hanya daga nan zuwa wuriya. A buɗe wuriya. Randa a ɗora ta kan duwatsu, a bar tazara tsakaninta da bango. Turken awaki da tarin taki a matsar da su, don fitsarin dabba na ƙara wa bango gishiri. Ramukan da ke tsakanin duwatsu ta waje a cike su da irin lakar da aka yi ginin da ita. Inda ake samun makuba, ruwanta na ƙara wa yaɓen waje ƙarfin jure ruwa, kakanninmu da ita suka yi.

Matan Adar ba baƙin wannan aiki ba ne. Tun da aka fara babban aikin raya ƙasa na Keita a 1984, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da jera su don tare ruwa a fadamu da gangaren tsaunuka. Hannun da ya iya juya ruwan tsauni zai iya juya na bayan ɗaki.

In matsalar daga gidan maƙwabta take, a je da sallama da daɗin baki, a nuna musu tabon da idonsu. Katangar ta kowa ce, in ta faɗi kan kowa za ta faɗa.

Maganar siminti

To fa, ga inda za mu ɗan daɗe. Da an ce danshi, abin da ke zuwa bakin kowa shi ne a shafe da siminti, a bi da fentin mai, shi ke nan. Ga siminti a kusa, ga masana'antar Malbaza a jiharmu ta Tawa, kuma aikin yana fitowa sumul, ido na so. Siminti abin kirki ne a wurinsa: bulo, daɓe, dakali, bakin rijiya. Amma a kan bangon dutse da aka ɗaure da laka, wanda kuma ruwa ke hawa ta cikinsa, yakan zama tarko.

Ku tuna da randa da bido. Randa tana fitar da ruwa ta jikinta, iska na busarwa. Bido ba ya fitar da komai. Bangon dutse da laka randa ne: ruwan da ya shiga yana fita ta fuskarsa. In aka rufe fuskar da siminti mai ƙarfi da fentin mai, ruwan bai daina shigowa daga ƙasa ba, hanyar fita kawai aka toshe masa. Sai ya ƙara hawa sama ya ɓullo a saman simintin, ko ya zauna a ciki yana jiƙa lakar da ke riƙe da duwatsun. A ido bango lafiya lau, a ciki laka ta zama kunu. Bayan damina biyu ko uku, in an ƙwanƙwasa sai a ji yana amsawa kamar ganga, sannan simintin ya ɓalle faifai guda, ya taho da fuskar bangon. Manna leda ko tayil a jikin bangon ma hukuncinsu ɗaya.

Abin da bangon ke so shi ne yaɓe mai numfashi. Iri biyu muke da su. Na farko namu na gado: laka, yashi da ƙaiƙayi ko dusar ciyawa, a kwaɓa a bar shi ya kwana biyu ya ruɓa. Ba ya cin kuɗi, yana shanye gishirin bango, in ya lalace a kankare a sake. Na biyu shi ne farar ƙasar gini wadda ake gasawa daga dutse, wadda masu shagon kayan gini suka fi sani da sunanta na Faransanci, ana furta shi "sho". Ta fi laka ƙarfi da daɗewa, tana barin bango ya yi numfashi, kuma fumfuna ba ta son ta.

A yi hattara wajen saye, don farin gari iri-iri ne a kasuwa. Akwai farin siminti, akwai kuma farin garin da ake adon rufin ɗaki da shi, wanda danshi ke lalatawa nan da nan. A karɓi kaɗan a gwada a gida: a dama cokali 2 a gwangwani, ruwa ya rufe shi. In ya daskare kafin rabin awa, garin ado ne. In ya kwana ya zama dutse, siminti ne. Sho kuwa yana nan da laushi kamar kindirmo muddin ruwa na kansa, sai ya sha iska yake tauri.

Aikin cikin ɗaki

Lokacinsa yanzu ne, daga kaka zuwa tsakiyar ɗari. Kada a bari sai hadari ya fara haɗuwa.

Kayan aiki: guduma ƙarama, tsohon ƙarfe mai baki ko kurfi, burushi mai tauri ko guntun tsintsiya, bokiti, rariya ta tankaɗe yashi, cokalin magini, safar hannu ta roba, tabarau, da ƙyallen rufe hanci. A fitar da kaya da yara. In akwai wayar lantarki a bangon, a kashe wutar gidan tukuna. Kada a sa yatsa a ramin da ba a ga cikinsa ba, kunama na son tsakanin duwatsu.

Da farko a kankare duk yaɓen da ya lalace, a wuce layin danshin da santimetir 30, don gishirin ya fi inda ido ke gani nisa. A bi a hankali, yaɓe muke cirewa, ba mu son dutse ya motsa.

Sai a ƙwaƙule lakar da ta ruɓe a tsakanin duwatsu, zurfin santimetir 2 zuwa 3, har a iske mai ƙarfi. Kada a ƙwaƙule bango gaba ɗaya rana guda. A yi kamar faɗin tabarmar sallah, a cike, sannan a matsa gaba.

Gishirin a goge shi a bushe. Kada a wanke da ruwa, ruwa narkar da shi zai yi ya mayar da shi cikin bango. Abin da aka kankare a kwashe a kai nesa. Kada a sake kwaɓa shi, kada a zuba shi a gindin bango ko a lambu. Inda baƙar fumfuna take a kan dutse, a goge da tsumma da ruwan jabel da aka surka, taga a buɗe, kuma kada a haɗa jabel da wani maganin wanki.

Daga nan sai haƙuri. A bar bangon tsirara, ƙofa da taga a buɗe da rana, iskar ɗari ta yi aikinta. Bangon dutse yana da kauri, makonni yake ɗauka, mai kauri sosai har fiye da wata. Duk mako a goge gishirin da ya sake fitowa. In an ga ya daina fitowa, a maimaita gwajin leda. Leda ta kwana 3 a bushe, to an shirya. In an yi wata biyu bango bai bushe ba, akwai ƙofar ruwan da ba a gano ba, a koma waje a sake dubawa.

Kwaɓin sho: awo 1 na sho, awo 3 na yashi mai tsabta da aka tankaɗe. Yashin gulbi mai ɗan kaushi ya fi, banda wanda aka ɗebo a wuri mai kanwa. Ruwa kaɗan-kaɗan, har ya yi kamar tuwo mai laushi wanda ke tsayawa a cokali. In irin sho mai dunƙule ne wanda ke tafasa in ya ji ruwa, shi ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kansa, a cikin tukunyar ƙarfe ko rabin tano, a waje, a tsaya nesa, a bar shi ya jiƙu aƙalla mako 2 kafin a yi aiki da shi. Mai farawa dai gara ta nemi na gari wanda aka riga aka kashe. Kowane iri ne, yana cin fata kuma yana iya makantarwa. In ya faɗa ido a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, minti 15 ko fiye, a wuce likita ba tare da jira ba.

A yayyafa wa bango ruwa kaɗan don kada ya tsotse kwaɓin. A fara cike tsakanin duwatsu, a danna sosai, babban rami a cusa masa ƴan tsakuwa. Bayan kwana 3 ko 4 a yi shafin farko, kaurin santimetir 1, a kakkarta fuskarsa don na biyu ya samu wurin kamawa. A jira kamar mako guda, a yi na biyu, shi ma santimetir 1, a lallashe shi. Sho ba ya son bushewar gaggawa, iskar ɗari kuwa gaggawa gare ta. Don haka a wannan matakin a rage buɗe ƙofa, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma kwana 4 ko 5, ko a rataya jiƙaƙƙen buhu a gabansa. In ƴan tsagu sirara sun fito tun yana ɗanye, a danne su da bayan cokali. A ƙasa, a bar ƴar tazara kamar faɗin yatsa tsakanin yaɓe da daɓe, don kada ruwan shara da na wanke ɗaki ya hau.

Na ƙarshe shi ne farin shafe: sho da ruwa, tsararo kamar madarar shanu, shafi 3, kwana ɗaya tsakanin kowane. Yana jiƙe za a ga kamar ba a yi komai ba, sai ya bushe farin ke fitowa. In aka yi shi da kauri zai ɓare.

Don lissafi: bango mai tsawon metir 3, in za a yaɓe shi zuwa tsayin metir 1 da santimetir 30, zai ci kamar bokiti 8 zuwa 10 na yashi, irin bokiti mai litir 10, da bokiti 3 na sho, da ɗan ƙari don farin shafe. Bangon da duwatsunsa suka yi tudu da kwari zai fi haka ci.

In an mayar da kaya, gado da akwati su bar tafin hannu ɗaya tsakaninsu da bango. Buhuna a ɗora su kan katako ko duwatsu.

Inda aikinmu ya tsaya

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Akwai alamun da in an gan su, guduma a ajiye, a kira maso wanda ya san ginin dutse: bango ya yi ciki ko ya karkata, tsaga wadda yatsa ke shiga, ko wadda ta bi daga ƙasa har sama, duwatsu na motsi in an taɓa, kan azara ya ruɓe ko gara ta cinye shi, ƙofa ta fara ƙin rufuwa alhali da tana rufuwa. Mai shakkar ko tsaga na ƙaruwa, ta shafa ɗan kwaɓi a kanta ta duba bayan mako 2. In ya tsage, ginin na motsi. Irin wannan ɗaki ba a kwana cikinsa, ko da rani ne, balle a sa yara.

In maso ya zo ya ce siminti kawai, a tambaye shi cikin ladabi: "Malam, ruwan da ke cikin bangon ta ina zai fita?" Wanda ya san aikinsa zai ba da amsa.

Kuɗin fa?

Tun da aka kafa ƙungiyoyin Mata Masu Dubara na farko a jihar Maraɗi a 1991, darasin bai canza ba: bashin asusu na abin da zai haifi riba ne. Gyaran bango ba ya kawo kuɗi ranar kasuwa, asara yake tarewa. Saboda haka shawararmu ita ce kada a ci bashi mai riba don yaɓe in akwai wata hanya. Aikin waje, wanda shi ne mafi muhimmanci, ƙarfi kawai yake ci. Yaɓen laka ma haka. Kuɗin sho a ware shi daga rabon asusu, ko daga cinikin kaka. Wadda ɗakin nan shi ne ma'ajin hajarta, kuma ta lissafa ta ga abin da danshi ke lalata mata a shekara ya fi kuɗin gyaran, ita tana da hujjar kawo buƙatarta gaban ƙungiya, a duba bisa dokar da kuka kafa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mata 5 ko 6 masu matsala iri ɗaya su haɗa kuɗi su sayi sho tare, su ɗauki amalanke ɗaya ta yashi, su yi gayya ɗaki bayan ɗaki. Guduma, cokali, tabarau da safar hannu ƙungiya na iya saye su zama nata, mai ara ta saka ɗan abu a akwati. Ɗakin farko a zaɓi ƙaramin bango a koya a kansa, ko bangon ɗakin ajiya, kafin a taɓa ɗakin kwana.

Magana ta ƙarshe, kuma kada a raina ta. Kafin a ɗaga guduma a yi shawara da maigida, ko da wanda gidan ke hannunsa in gidan gado ne. Mai haya ta nuna wa mai gidan tabon, a yi magana a gaban shaida kan wanda zai biya, ko za a cire daga kuɗin haya. Tun ran gini ran zane. Ba ma son mace ta zuba rabonta na shekara a bangon da za a ce mata ta tashi daga cikinsa bayan salla.

A taronku na wannan mako, bayan an gama zubi, shugaba ta tambaya: su wa ke da danshi a ɗaki? Kowace ta je ta manna ledarta, mako mai zuwa a zo da labarin abin da aka gani. Ku aiko mana da sakamakon da tambayoyinku ta hannun wakiliyar yankinku. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu hau sama mu duba rufi: yoyon tol, gyaran indararo, da yadda ake gane azarar da gara ta ci.

Allah ya tsare mana gidajenmu, ya ƙara wa asusu albarka. Mu huta lafiya.